Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Mai Alƙalami: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wani taron bita nan Abuja gardama ta kaure tsakanin wani dattijon ma'aikacin ƙididdiga da wani matashi, kan ƙwararrun da ake turowa daga waje su taya mu gyara lissafin GDP, wato jimillar darajar kaya da ayyukan da ƙasa ke samarwa a shekara. Dattijon ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matashin ya ce ai ɗakin ya shekara 24 yana yoyo, mai shi bai hau jinka ba. A wurin nan karin maganar ta zauna kuwa?

Baban Hafsa: Yaron bai yi ƙarya ba, Malam. Har zuwa Afrilun 2014 da ma'aunin 1990 muke auna tattalin arzikinmu, alhali a 1990 ko layin salula babu, GSM ma sai 2001 ya shigo. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta mayar da shekarar tushe, wato shekarar da ake auna sauran shekaru da farashinta, zuwa 2010, fannonin da ake lissafawa suka tashi daga 33 zuwa 46, GDP na 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510. Gana ma da ta yi nata a 2010 ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari ta gani. Shawarar da ake bayarwa ita ce a sabunta duk shekara biyar.

Maman Sadiq: Amma wa ya hau jinkar, Baban Hafsa? 'Yan gida ne. Baƙon da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ke turowa daga cibiyarta ta Akara sati biyu yakan yi. Hanya yake kawowa: tsarin lissafin ƙasa na 2008, yadda ake cire hauhawar farashi daga adadi, da jadawalin da ke tilasta abin da aka samar da wanda aka shigo da shi su yi daidai da abin da aka ci, aka zuba jari, aka fitar. Alƙaluman cika jadawalin kuwa sai an yi ƙidayar kamfanoni, an yi ta gonaki, an bi gida gida an tambayi abin da ake kashewa. Inda ake faɗuwa biyu ne. Kuɗin fita fili su zo bayan kaka, manomi ya manta buhu nawa ya samu. Ko a horar da mutum uku, a yi wa biyu canjin wurin aiki, fayil ya rage a kwamfuta ba mai iya warware shi.

Ɗan Bukur: Hajiya kin tuna min da kakarmu, Allah ya jiƙanta. Acca take sayarwa a kasuwar Bukur. Wata shekara wani mai takarda ya zo yana tambayarta tiya nawa ta samu bana. Ta ce wace tiyar, ta sari ko ta sayarwa? A shafe ko da tozo? Ya ce ai tiya tiya ce. Ta shiga ɗaki ta fito da kwano biyu, ta cika ɗaya ta juye a ɗayan, acca ta zube ƙasa. Sai da ta sa shi ya tsince. Da ya tambayi abin da ke rumbu ta ce wannan na cikin jikoki ne, ba na gwamnati ba, don ita duk mai biro ɗan haraji ne. Bai fita gidan ba sai da ya sha kunun acca kofi biyu, ya kuma rubuta rabin abin da ta noma.

Maman Sadiq: Amin. Tsohuwa ta gama darasin. Shi ya sa yanzu ake shiga kasuwanni da sikeli a auna tiya, mudu, buhu da kwando na kowane yanki a mayar da su kilo. Na rumbun ma dole a yi masa kuɗi a sa a lissafi, ko da bai taka kasuwa ba.

Sarkin Zolaya: Ni wanda ke ba ni mamaki mai babbar rigar nan ne da ke kwana a bene. Bai san yoyo ba, bai san tiya ba, amma ranar da adadi ya tashi shi ne kan gaba a talabijin, kamar shi ya yi huɗa.

Baban Hafsa: Haka aka yi da hauhawar farashi. Daga kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025 saboda an canza shekarar tushe da kwandon kayan da ake aunawa. Wasu suka hau mumbari suna cewa kaya sun sauko.

Malamin Unguwa: Ku dai bi a hankali, da tsohuwar zuma ake magani. In aka sauya tushe ba a koma an ɗinke shekarun baya da sabon ma'auni ba, ba ka da abin kwatanta bana da shekara goma da suka wuce. Sannan ni abin da na sani, ana faɗin karin maganar nan ne ga mai shisshigi a rikicin aure, ba ga wanda kai ka gayyato ba.

Mai Alƙalami: Malam, to in mai ɗakin bai san yawan masu kwana a ciki ba fa? Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma da wannan adadin ake hasashen yawan jama'ar da ake raba GDP da shi.

Sarkin Zolaya: Ka jira lokacin rabon shinkafar zaɓe, za su san yawanmu har da jarirai.

Ɗan Bukur: A gidanmu ma "inda ruwa ke zuba masa" ake cewa, ba yoyo ba. Wai nawa tiyar acca yanzu a kasuwar Wuse? Mai tozon nake nufi.