Neman kalma: me za mu kira fotfoliyon masu zane?

Mai shirin rediyo, Garwa: Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a kan shafukan intanet da masu zane da dukawa ke buɗewa don nuna ayyukansu, abin da ake kira fotfoliyo, kuma har yanzu ban samu kalmar da mai sauraro zai gane da jin farko ba. Akwai kuma wadda masu Faransanci ke cewa argonomi, wato yadda baƙo zai shiga shafi ya iske abin da yake nema ba tare da ɗan jagora ba.

Malama, Marwa: Wa alaikumus salam. Ta biyun ba ta da wuya, "sauƙin sarrafawa" ya wadatar. Ta farkon kuwa ina ganin "kundin ayyuka".

Dattijo, Ngaundare: Malama, kundi na malamai ne, cikinsa sirri da laƙani, ba a nuna wa kowa. Kalmar fotfoliyon nan daga Italiyanci ta fito, ma'anarta abin ɗaukar takardu, kuma muna da namu tun kafin zuwan Jamusawa ƙasar nan ta Kamaru, wato gafaka, jakar fatar da ake adana littafi a ciki. A ce "gafakar mai zane", an gama.

Baduku, Marwa: Baba, a gafarce ni, da hannuna nake ɗinka gafaka, kuma aikinta rufe abu ne. Shafin nan kuwa rumfa ce. Bara wani yaro ya buɗe mini ɗaya, ya sa hotona da babbar riga a gaba, kiɗa yana tashi da kansa, hotunan takalma da jakunkuna kuma don nauyi sai mutum ya ƙone kuɗin datarsa kafin guda ya bayyana a waya. Wata mai saye daga Duwala ta ce ta nemi lambata ta rasa. Da aka gyara, sai aka sa mafi kyawun kayan a shafin farko, aka rage nauyin hotuna, ƙarƙashin kowanne aka rubuta irin fatar, girmansa da farashinsa da sefa, lambar WhatsApp kuma tana sama. Ɗan koli ma haka yake shimfiɗa kayansa, don haka ni "baje-koli" nake cewa.

Dattijo: Baje-koli taron kasuwa ne, ba na mutum ɗaya ba. Kuma tun farko me ya kawo "intanet" alhali ga "yanar gizo"? Kun cika Hausa da aro, rabi Faransanci rabi Fulatanci, shi ya sa mutanen Kano ke yi mana dariya.

Ɗalibi, Njamena: Ranka ya daɗe, su ma na Kano "mota" da "tebur" suke cewa, ba su nemi izinin kowa ba. Ba sai sun sa mana hannu ba kafin kalmarmu ta zama Hausa. Matasan da ke ɗora zanensu a Behance da Instagram kuwa, yawancinsu ba su taɓa riƙe gafaka ba.

Dattijo: Shi ya sa ya kamata a koya musu, yaro.

Malama: Mu koma kan magana, baiwar Allah nan lokaci ya ƙure mata. Baba ya yi gaskiya cewa kundi na ɓoyo ne, amma idan aka ce "kundin baje-koli", kalma ta biyu ta buɗe ta farko, an kuma san zaɓaɓɓun ayyukan mutum ɗaya ne.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Zan ce "kundin baje-koli" da "sauƙin sarrafawa", kuma zan ambaci gafaka sau ɗaya wajen bayanin asalin kalmar.

Dattijo: Ya yi tsawo a baki, amma shirinki ne, 'yata. Ni dai a ajina gafaka zan ci gaba da cewa.