Ƙugiya, raba kalma da rubutun lakwal: wane kuskure ne yake tsayar da mai karatu?

Hadiza, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu rubuta labari a WhatsApp da Wattpad nan Damagaram. Wasu sun ce in dai labari ya yi daɗi, mai karatu ba ruwansa da ƙugiya (lanƙwasar kan ƙ, ɗ, ɓ) ko raba kalma, ido yana cike gurbi da kansa. Wasu sun ce sam. Ina roƙon masu duba rubutun mutane, da malamai, da masu karanta labari da murya, kowa ya kawo abin da ya saba gani: wane kuskure ne yake wucewa salin-alin, wane ne yake sa mutum ya koma baya ya sake karantawa. Misali muke so.

Malam Isuhu, Birni

Wa alaikumus salam, Hadiza. Masu cewa ido yana cike gurbi suna da rabin gaskiya. Rubuta "ta shiga dakinta ta rufe kofa", babu Bahaushen da zai tsaya, don babu wata kalma da take takara da ɗaki ko ƙofa a wannan wurin. Matsalar tana inda kalmomi biyu suke, kuma kowacce ta zauna daram a jimlar.

"Maigari ya shiga fada." Ga wanda ya tashi a Birni, kullum yana wucewa ta ƙofar fadar Sarki, maigari ya je gaisuwa ne. Sai layi uku a gaba ya ga an fasa wa wani kai, sannan ya gane faɗa ake nufi. "Ya taka kaya": buhu ya taka ko ƙaya ce ta soke shi? Wadda ta fi ɓarna a labaran gado da kishi ita ce wannan: "Alhaji ya bar wa yayansa gidan." Yayansa da ƴaƴansa ba gida ɗaya suke kai labarin ba. Mai karatu zai iya yin babi guda yana tsanar mutumin da bai yi komai ba.

Kuma a tuna, bokon Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Wato tun kafin a yi kuskure mai karatu yana cikin canke. Cire ƙugiya ƙara wa jaki kaya ne.

Malama Rabi, Garin Malam

Malam ya faɗi gaskiya, amma a takardun da nake dubawa ƙugiya ba ita ce ta ɗaya ba. Raba kalma ne. Ku dubi wannan: "Ya bata kudin." Ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata kuɗin? Miji nagari da ɓarnatacce, rubutu ɗaya. In marubuciya ta raba "ba ta", ko da babu ƙugiya ko ɗaya jimlar ta tsira. Haka "bashi" da "ba shi", haka "nasa" da "na sa", haka "akan yi" na al'ada da "a kan tebur", haka "saida" na ciniki da "sai da ya zo".

Gwajin da nake koya wa yara bai da wuya. Cire wakilin sunan ka sa sunan mutum. "Ya ba Ali", to "ya ba shi" a rabe yake. "Ali ne", to "shi ne" a rabe, ba "shine" ba. "Ya ce", "ta yi", "mun je" duk a rabe, don wakilin suna daban, aikatau daban. Waɗanda ake haɗewa kuwa: yana, tana, suna, yake, take, suke, masa, mata, musu, da mallaka kamar gidansa, motarta. Zan da zai a haɗe, amma za ta, za mu, za su a rabe. Wanda ya riƙe waɗannan kaɗai ya gyara mafi yawan abin da yake sa a yi tuntuɓe a shafi.

Abdu mai buga takardu, kusa da Kasuwar Dole

Malama, ku bar ni in kawo namu na gida, wanda ƴan Kano ba su da shi. Yawancinmu Faransanci muka fara rubutawa a lakwal, sai hannu ya ɗauko ƙa'idarsa ya ɗora wa Hausa: "sannou", "tchikin guida", "djiya", "ina kouana". Ɗan Damagaram yana karanta wannan ba gargada. Amma labarin da aka sa a intanet ba ya tsayawa a Magariya ko Matamaye, yana tsallaka iyaka, kuma masu karatun Hausa sun fi yawa a can.

Ga inda ake yin karo. Mu muna rubuta "ch" muna nufin sh: "chi ne", "ta cha roua". Su kuma, saboda Ingilishi, in sun rubuta "ch" c suke nufi: "ya chi tuwo". To ka rubuta "ya ba chi", Bakano ya karanta "ya ba ci". Harafi biyu, ƙasa biyu, sauti biyu. Wannan ido ba ya cike shi, don kowa ya tabbata shi ne ya karanta daidai.

Ba kuma cewa ba mu da ƙa'ida a Nijar ba ne. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 1999 Ma'aikatar Ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausa. Bambancin da zai faɗo maka a ido tsakaninmu da Najeriya shi ne mu ƴ muke sawa, su 'y. Ƴa da 'ya duk daidai ne, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Wani abu kuma: kada a rikita karin harshe da kuskure. In Ba'adare ne yake magana a labarinka, bar shi ya ce "hwaɗa mini". In yaro ya ce mushe ya kore shi daga lakwal, kada ka mai da shi "malami" da "makaranta" don ka burge wani. Kalmar ta zauna yadda ake faɗinta, rubutun ne zai bi haruffan Hausa.

Nana, Kara-Kara

Ku yi haƙuri iyayena, ni ban yarda duka ba. Akwai labaran da suke cike da "xan", "qara", "nah", "d'aki", kuma mutane suna kwana suna jiran shafi na gaba. Akwai masu ƙa'ida tsaf da ba a gama babinsu na farko. Mai rubuta shafi kullum da babban yatsa, ga caji ga kuɗin intanet, in aka ce sai ta bi kowace ƙugiya sai ta ajiye.

Malam Isuhu, Birni

Ƴata, maganarki tana kan hanya, amma duba waɗannan labaran da kyau. Wadda take sa q a madadin ƙ tun daga layin farko har na ƙarshe, ta yi wa kanta ƙa'ida ne, mai karatu ya koye ta a minti biyu, kuma "qasa" ta raba ƙasa da kasa, aikin ƙugiya ke nan. Wadda take gajiyar da mutane ita ce mai rubuta "kasa", "qasa", "k'asa" da "ƙasa" a shafi ɗaya. Ido bai san da wace zai saba ba. "Nah" da "kah" kuwa ba su raba komai da komai, tsawaita layi kawai suke yi.

Sale mai gyaran waya, Zango

A ba Nana uzuri ta wani gefen, ɗabi'ar tana da asali. Saƙon tes na waya yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ ko ɗ guda ɗaya sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Tsofaffin wayoyi ma akwati suke nunawa a wurin harafin. A WhatsApp wannan dalilin ya mutu.

A Android, shiga saitin Gboard, wato madannin rubutu na Google, wurin harsuna, ƙara Hausa. Danna k, d ko b ka riƙe, mai ƙugiyar zai fito. Sannan kashe gyaran kalma na Faransanci, shi ne yake ɗora wa "a" wata ƴar alama a ka, yana canza maka kalma bayan ka wuce ba ka gani ba.

Mai tsohon labari da yake so ya gyara a Word, kada ya bi kalma-kalma. In babu madannin Hausa, rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ. Daga nan nemo-ka-musanya: k' zuwa ƙ, d' zuwa ɗ, b' zuwa ɓ, x zuwa z. Abu uku suke ɓata aikin. Na farko, waƙafin sama iri biyu ne, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, waya tana sa wannan kwamfuta tana sa wancan, in ya bar wasu sai ka sake zagaye da ɗayan. Na biyu, kula da babban baƙi da ƙarami, kada Ɗanladi ya koma ɗanladi. Na uku, kada ka share waƙafin gaba ɗaya, za ka kashe sa'a da ma'ana da jama'a. "Ch" kuwa kada ka ba na'ura, bi shi ɗaya-ɗaya, don sai ka san ko shi ne ko ci ne. In za ka mai da shi PDF, zaɓi salon harafi mai ƙugiya kamar Noto Sans ko Charis SIL, kuma ka buɗe shi a wata waya kafin ka tura.

Hajiya Zuwaira, mai karanta labarai da murya

Mai karatu a zuci yana iya tsallake tuntuɓe ba wanda ya sani. Mai ɗaukar murya ba shi da wannan gatan, in ya furta "ya ba ta kuɗin" sannan ya gano ɓata su aka yi, sai an tsaya an goge an sake. Abin da ya fi ƙugiya tsayar da mu ma shi ne zancen mutum biyu a layi ɗaya, babu aya, babu alamar zance, ba ka san inda uwar miji ta tsaya amarya ta ɗauka ba. Kowane mai magana a ba shi sabon layi.

Kafin ki tura shafi, Nana, karanta shi da ƙarfi sau ɗaya, duk inda harshenki ya sarƙe nan ne na wani zai sarƙe. Sannan ki bincika kalmomi shida kawai: bata, bashi, fada, yaya, kasa, baki. Bai kai minti biyar ba.

Nana, Kara-Kara

To Hajiya, na ji. Malama Rabi, saura ɗaya: "cigaba" ko "ci gaba"? Kullum ina ganin duka biyun.

Malama Rabi, Garin Malam

In aiki ne raba shi: "ta ci gaba da kuka", kamar yadda za ki ce "ta ci tuwo". In suna ne, kamar cigaban gari, za ki ga masu haɗewa da masu rabawa har a jaridu. A ƙarshen shafinki dai "za mu ci gaba gobe" za ki rubuta, kalma biyar.