Wai duk wanda ya shiga falsafa sai ya bar sallah?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa, akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya. Kawuna ya leƙo shago ya tarar ina kallon wani bidiyo a waya kan Efiktitas, bawan nan na zamanin Rumawa da ya zama malamin falsafa, mai cewa ka kasa al'amura gida biyu, wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka, ka daina cin ranka a kan na biyun. Kawu ya ce in goge, wai duk wanda ya shiga falsafa ƙarshensa barin sallah. Ni kuma wallahi ba neman fitina ya kai ni ba, shekara 3 ke nan da gama bautar ƙasa ina zaune kan POS daga safe har isha, kullum ina tambayar kaina wai ita ke nan rayuwar? Don Allah ku gaya min tsakani da Allah, haka maganar kawu take?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da idona na gani, wanda muka yi ɗaki ɗaya da shi a jami'a, shi ke tada mu asuba, ya fara da irin waɗannan bidiyoyin, yau wannan gobe wancan, kafin mu gama aji uku ya daina zuwa Juma'a, in ka yi magana ya ce kawo hujja. Kuma ba ni na fara faɗa ba, Imam Gazali littafi guda ya rubuta, Tahafutul Falasifa, ya rushe masana falsafa a ciki. Abin da ka ce bawan nan ya faɗa ai muna da shi, tawakkali ke nan da yarda da ƙaddara, me za ka je nema a gidan wasu?

'Yar Funtuwa: Malam Bakatsine ka kawo Gazali amma rabi ka kawo. Mas'ala 20 ya bi a littafin nan, uku kacal ya ce sun kai kafirci, wato cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai dunƙule, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Sauran ya ce bidi'a ce ko kuskure. Kuma kafin ya yi raddin sai da ya zauna ya karanci manyan masana falsafar, Ibn Sina da Farabi, har ya iya maganarsu kamar su, bai ce a goge ba tukuna, karantawa ya yi. Lissafi da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuwa cewa ya yi ba su da rigima da addini, har gabatarwar manɗiƙi ya sa a farkon littafinsa na usulul fiƙhu, wato ƙa'idojin ciro hukuncin shari'a. Sannan wanda ya mayar masa da martani, Ibn Rushd na Kurɗuba da ya rasu 1198, alƙali ne ɗan Malikiyya irinmu, Bidayatul Mujtahid ɗinsa har yau ana karanta shi a zaurukanmu. Shi ma barin sallah ya yi?

Bakatsine: 'Yar uwa su Gazali ne fa. Ki haɗa wanda ya haddace duniyar ilimi da wanda ke da data ta ɗari biyar da YouTube?

'Yar Funtuwa: To yanzu ka zo inda za mu fahimci juna, ka ga ka tashi daga "duk wanda ya shiga" ka koma "wanda ya shiga ba shiri", ba ɗaya ba ne. Kuma wannan gardamar da muke yi tsohuwa ce, har ƙasarmu ta taɓa. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, Suyuɗi na hanawa Magili na karewa. Ahalarin nan da dukkanmu muka biya muna yara, na tsarki da sallah, mai shi ɗin ne dai ya rubuta Sullam, waƙen koyon manɗiƙi, a ciki ya kawo cewa Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai lafiyayyen hankali da ya ratsa Alƙur'ani da sunna. A gidan Shehu Usmanu ma akwai jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, ɗan Nana Khadija, wanda ya yi rubuce-rubuce kan falsafa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu sun san sunan kowane Bature mai falsafa amma ba su taɓa jin sunan ɗan Tafa ba, sai su ɗauka tunani kayan waje ne.

Ɗan Kurna: Wallahi Yaya ban taɓa jin sa ba sai yau. Amma bari in gaya muku ainihin abin da ya dame ni. Makon jiya wata tsohuwa ta zo cire kuɗin da ɗanta ya turo mata, ta kwance bakin zaninta ta miƙo min kati da 'yar takarda an rubuta lambar sirrin a jiki, ta ce ɗana duba ka ba ni abin da ke ciki. Ba ta iya karatu ba, ba kowa a wurin, da na rage dubu biyar har abada ba za ta sani ba, kuma ranar ko kuɗin shago ban haɗa ba. Na ƙirga mata kuɗinta cif ta sa min albarka ta tafi. Da dare na kasa barci ina tunani, me ya riƙe hannuna, tsoron wuta ne ko don ta yarda da ni ne? Da a ce ba a hana ba, cutar tsohuwar nan zai zama daidai? Zuciyata ta ce a'a ko ba a faɗa ba mummuna ne, sai kuma na tsorata da amsar tawa.

Bakatsine: Ka gani ko, daga irin nan ake farawa. Ka yi abin kirki, ka gode wa Allah ka kwanta, meye na tone-tone.

'Yar Funtuwa: Kar ka tsorata ƙanena, tambayar nan tana da suna a ilmul kalam, wato ilimin muhawara kan aƙida, mas'alar kyau da muni, kuma mazhabobin aƙida sun saɓa a kanta. Mu'utazilawa suka ce hankali kaɗai na iya gane su, Ash'arawa suka ce hukuncin lada da zunubi sai da shari'a, Maturidawa suka tsaya tsakani. Malamai sun shekara ɗaruruwa a kanta suna sallarsu.

Auta: Ni ban yi karatun da kuka yi ba amma ina so in ce wani abu. Wata biyu na yi ina jinyar Mama a asibiti kafin Allah ya karɓi abarsa, kwana a kan tabarma a baranda, cikin dare kana jin numfashinta kana jin kukan wasu a ɗayan ɗakin. A nan tambayoyi suka zo min, me ya sa mace mai tsayuwar dare za ta sha wannan wahala, kuma ni ko littafin falsafa ɗaya ban taɓa buɗewa ba. Da na tambayi wani malami sai ya ce in yi istigfari in yi shiru. Na yi shirun amma tambayar ba ta tafi ba, wata shida ina sallah kamar ba ni ba. Wanda ya dawo da ni wani dattijo ne a unguwarmu da ya zaunar da ni ya saurare ni har na gama kuka, bai ce na yi saɓo ba, ya karanta min labarin Annabi Ayuba da yadda Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu. Yaya Bakatsine, shi abokin naka da ya fara tambaya, akwai wanda ya zauna da shi kuwa?

Bakatsine: Allah ya jiƙan Mama ya sa jinya ta zama kaffara. Gaskiya Auta ba wanda ya zauna da shi, mu dai faɗa muka yi ta masa, daga baya muka daina cin abinci tare. Abin yana damuna har yanzu. Amma duk da haka ban janye ba, waya ba malami ba ce, bidiyo ɗaya ke jawo wani har ka tsinci kanka inda ba ka nufa ba, kuma ba wanda zai ce maka tsaya nan ka yi kuskure. Ɗan Kurna in dai za ka yi, nemi malami ka durƙusa gabansa ka fara da tauhidi, ni wannan ne sharaɗina.

Ɗan Kurna: Na karɓi sharaɗin, amma bidiyon ban goge ba gaskiya, ya taimake ni na daina ƙullatar abokaina da suka samu aiki. Yaya 'Yar Funtuwa ko kin san mai karantar da Sullam a cikin gari bayan isha? Sai na rufe shago nake samun kaina.

'Yar Funtuwa: Zan tambayi Baba gobe in sha Allahu. Bakatsine kai kuma in kana da lambar abokin nan naka har yanzu, ka kira shi mana.

Bakatsine: Ina da ita. Shekara huɗu rabon da mu yi magana.