Kaset ɗin Malam ya tsinke, wa zai taimaka?

Salamu alaikum 'yan uwa na Kumasi. Malaminmu da ya daɗe yana jagorantar mawaƙa da 'yan badujala a kwalejinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mu tsofaffin ɗalibansa za mu yi taron tunawa da shi bayan sadakar arba'in, saura kwana 12.

Uwargidansa ta ba ni kaset uku, da muryarsa a ciki yana ƙirga mana kiɗa, yana ƙwanƙwasa benci da sanda. Danshin damina ya sa sun yi fumfuna, ɗaya ma ya tsinke cikin rediyo. Na zaga Kejetia da Adum, ban dace ba. Don Allah wa ya san mai iya gyara zaren ya juye shi a kwamfuta? Ina Aboabo, amma ko Accra ne zan kai da kaina.