Muhawara: Naman kaza ne a cikin buhun, ko dusa ake sayar mana?

Mai Karnuka Biyu: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙorafi nake da shi a kan busasshen abincin karnuka da ake shigo da shi daga waje. A buhun da nake saya wa karnukan gadina, naman kaza ne a farkon jerin kayan haɗi, amma a ƙasa sai ga garin masara, ga tsakin masara, ga furotin ɗin masara, kowanne da layinsa. Tunda bisa nauyi ake jera kayan, na tabbata an kasa masarar gida uku ne don kada ta hau kan naman. Dusa ake sayar mana da kuɗin nama. Ta yaya mutum zai gane abinci mai inganci daga rubutun buhu?

Manomi daga Saminaka: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar dusa. Dusa ita ce abin da ake fitarwa bayan surfe a ba awaki, masara kuwa ita ce tuwon da ake ci a gidanka da gidana. Bai kamata don ka ji haushin ɗan kasuwa ka wulaƙanta abin da muke shan rana muna nomawa ba.

Likitar Dabbobi: Malam mai tambaya yana da gaskiya a kan rarraba kaya, domin dabara ce sananniya. Akwai ma abin da bai lura da shi ba: ana auna kayan ne kafin a dafa su, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ɗanyen naman kaza ruwa ne, alhali busasshen abincin ba ya wuce ruwa kashi 10 ko kusa da haka, saboda haka naman da ya zo na ɗaya a jeri yana iya komawa baya sosai bayan an busar da shi. Garin nama da aka riga aka busar, in an faɗi sunan dabbar, ya fi ɗanyen nama yawan furotin a kowane kilo. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin abincin dabbobi, ta sa mafi ƙarancin furotin kashi 18 ga babban kare, 22.5 ga kwikwiyo. Amma lambar kaɗai ba hujja ba ce, domin naitirojin ake aunawa a ƙiyasta furotin, abin da ya sa a 2007 aka zuba sinadarin melamin, mai yawan naitirojin, don a ɗaga lambar furotin a kayan haɗin da aka kai Amurka daga Sin, karnuka da kyanwoyi suka mutu da ciwon ƙoda.

Manomi daga Saminaka: Likita, duk na ji, amma ba ki faɗa masa cewa masara ba dusa ba ce.

Tsohon Mafarauci: To wai mene ne laifin dusar? Mu da ita da sauran tuwo da ƙashi muka raini karnukanmu, suna wuni a daji suna bin zomo ba su gaji ba. Karnukan 'yan boko da ake ciyarwa daga buhu, in an sake su a dajinmu, kafin azahar an ɗauko su a kafaɗa.

Mai Karnuka Biyu: Baba, da girmanka, ba gasar gudu na tambaya ba. Kuma Malam manomi, ban zagi masararka ba, na ce ne ba nama ba ce.

Manomi daga Saminaka: Ka ce dusa, rubutunka yana nan a sama.

Likitar Dabbobi: Kare yana narkar da sitacin hatsi in an dafa shi, ba kamar kyarkeci ba, don haka masara ba cuta ba ce. Abincin da aka cire masa hatsi aka cika da dangin wake ma ya jawo binciken FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a 2018 a kan wani ciwon zuciya. Abin da ya fi damuna a yanayinmu shi ne gubar fumfuna da ke kama masarar da ta sha danshi, da kuma buhun da ya daɗe a shago mai zafi har kitsensa ya lalace. Baba, dafaffen ƙashin kaza kuwa yana tsagewa ya huda hanji.

Tsohon Mafarauci: 'Yata, tun ba a haife ki ba nake ba kare ƙashi.

Uwar Marayu: Ni mamakina shi ne, a wannan tsadar rayuwa, ana musu a kan ko kare ya samu isasshen naman kaza, alhali maƙwabcin mutum ko dusar bai samu ba.

Mai Karnuka Biyu: Hajiya, ba ki san abin da nake yi wa maƙwabtana ba, kuma malamai sun halatta ajiye kare don gadi da farauta da kiwo. Wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita haƙƙi ne a kansa.

Uwar Marayu: Ciyarwa aka ce, ba shagwaɓawa ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta daga muhawarar shi ne, kowa ya amince cewa kalmar dusa kuskure ce, kuma Likita da kanta ta tabbatar cewa masara ba ta da illa, saboda haka abincin buhu ba shi da wata matsala, zargin yaudara kuma bai tsaya ba. Batun ajiya a shago mai zafi ya shafi masu sakaci ne kawai, domin ni nawa shagon yana da fanka. Na rufe sharhi, wanda yake buƙatar buhu ya same ni ta saƙon sirri.