Shawarwarin da muka tattara daga rayuwar aikin Richard Adkerson

Mun zauna da wasu matasa masu sha'awar harkar ma'adinai, muka yi hira kan Richard Adkerson, wanda ya jagoranci kamfanin haƙar jan ƙarfe na Amurka, Freeport-McMoRan, daga 2003 zuwa 2024.

Abin da aka fara jaddadawa shi ne a koyi lissafi. Adkerson akanta ne, ba injiniya ba, kuma sanin kuɗi ne ya taimaka masa wajen sayen wani kamfanin haƙar jan ƙarfe, Phelps Dodge, a 2007 kan kusan dala biliyan 26.

An fi daɗewa kan tuntuɓen 2013, lokacin da kamfanin ya ci bashi mai yawa ya sayi kamfanonin mai. Shekara ɗaya bayan nan farashin mai ya faɗi warwas. A 2016 dole aka sayar wa kamfanin China Molybdenum hannun jarin mahaƙar Tenke Fungurume ta Kwango kan dala biliyan 2.65. Masu magana suka ce mutum ya tsaya kan sana'ar da ya sani, ya kuma ji tsoron bashi ranar da kasuwa ke daɗi, domin a ranar ake ruɗuwa.

Kan mahaƙar Grasberg da ke yankin Papua na Indonesiya kuwa, sun yaba haƙurin da ya yi da gwamnatin Indonesiya har aka daidaita a 2018, ƙasar ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin mahaƙar. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wata ɗaliba: dattin mahaƙar da ake zubawa a kogunan Papua shi ma yana cikin gadon da Kathleen Quirk, wadda ta gaji Adkerson a shugabancin kamfanin, ta karɓa, kuma ya kamata sabon shugaba ya fara duba shi.