Ɗana ɗan wata 14 ya gane aiki ɗaya muke yi, ko idona ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya ni da baban yarona muna ninke zanin gado, kowa ya kama gefe ɗaya, sai aka kira shi a waya ya saki. Yaron nan, wata 14 gare shi, ya tako ya ɗauki bakin zanin da ya faɗi, ya miƙa wa babansa yana "ah, ah". Abin ya tsaya mini a rai. Amma idan aka ajiye shi da sa'ansa, sai fizge-fizge da kuka. Shin ya gane tare muke aikin? Kuma yaya zan yi ya saba wasa da yara?

Malamar gidan reno: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ba idonki ba ne. A 2011 Annette Henderson da Amanda Woodward sun nuna wa 'yan wata 14 wasu mata biyu, ɗaya ta buɗe akwati, ɗayar ta ciro abin wasan da ke ciki. Tunda jariri ba ya magana, daɗewar kallonsa ake aunawa, don yakan ƙura ido ga abin da ya saɓa wa zatonsa. Sai aka ga yaran sun ɗauka cewa ita ma mai buɗe akwatin, abin wasan take nufi, ko da yake hannunta bai taɓa shi ba. Wato sun haɗa aikin mutum biyu a kan buƙata ɗaya. Abin da ɗanki ya yi da zanin nan ke nan, har ma ya ƙara da maido wanda ya saki.

Baban 'yan biyu: Haka ne. A Leipzig ta Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello sun gani a 2006 cewa 'yan wata 18 na ɗauko wa babba abin da ya suɓuce masa ba tare da an roƙe su ba. Idan kuma ana cikin wasa na mutum biyu babba ya tsaya cak, sai su yi ta ƙoƙarin jawo shi ya ci gaba.

Wata uwa: Maganar fizge-fizge kuwa, kwantar da hankalinki. Da babba abin na da sauƙi, domin shi ke jira, shi ke gyara kuskure. Sa'ansa ba zai jira shi ba. Yawanci sai wajen shekara 2 suke fara haɗa hannu da junansu, kafin nan kowa nasa wasan yake yi a gefen ɗan'uwansa. Tawa ma haka ta yi, na damu ƙwarai a lokacin. Ki samo abin wasa iri ɗaya guda biyu, ki zauna tsakaninsu.

Malamar gidan reno: Ƙari kaɗan. Ki riƙa ba shi rabonsa na gaske a aiki: ke ki riƙe kwando, shi ya zuba kaya, sannan ki ɗan dakata ki ga ko zai neme ki. Kada ki biya shi da kyauta. Su Warneken sun gano a 2008 cewa 'yan wata 20 da aka saba ba wa lada sun rage taimako bayan an daina. "Sannu, mun gama tare" ya isa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na gwada na kwandon ɗazu. Da na janye hannuna sai ya tsaya da safa a hannu yana kallona, sannan ya kamo yatsana ya ɗora a bakin kwandon.